Haruffan Bayan Suna: Yadda Laƙabin Masu Binciken Nasaba Ya Zama Alamar Kasuwanci a Amurka

Wanda ya taɓa neman mai bin diddigin asalin dangi a Amurka, ko don rabon gadon ɗan'uwan da ya rasu a can, ko don neman zama ɗan wata ƙasa ta hanyar kakanni, zai lura da wasu haruffa da ke bin sunayen masu wannan sana'a: CG, AG, CGL, FASG. Wani lokaci har da ƙaramin harafin R a cikin da'ira, irin wanda ake gani a jikin kwalbar lemo. Mutane da yawa na ɗauka digiri ne, wasu kuma su zaci lasisin gwamnati ne. Ko ɗaya ba haka ba ne. Biyu mafi shahara a cikinsu, CG da AG, dukiya ce ta wasu hukumomi masu zaman kansu, an yi musu rajista a ofishin alamomin kasuwanci na Amurka, mai ɗauke da su kuwa aro aka ba shi na wa'adi. Daga nan ne duk ƙa'idojin rubuta su suka samo tushe, har da waɗanda a ido suke kama da tsirfa.

Sana'ar da ba ta da mai gadin ƙofa

A Najeriya, mutum ba zai liƙa wa sunansa laƙabin injiniya ba sai hukumar COREN ta yi masa rajista, domin doka ce ta kafa ta tun 1970 kuma ta ba ta wannan iko. Likita ma haka, lauya ma haka. Binciken nasaba a Amurka bai da irin wannan kariya. Kowa na iya buga kati gobe da safe ya ce shi mai binciken nasaba ne, ya karɓi kuɗin mutane, babu dokar da ya taka.

An ɗanɗani kuɗar wannan sakaci. Misalin da masu sana'ar suka fi ambata shi ne Gustave Anjou, ɗan asalin Suwidin da ya rasu a 1942, wanda ya shafe shekaru yana tsara wa attajiran Amurka salsalar ƙarya, yana cakuɗa takardun gaskiya da na bogi don ya haɗa su da manyan gidajen Turai. Har yau ana cin karo da ɓarnarsa a bishiyoyin dangi da ake kwafa a intanet.

A 1940 aka kafa American Society of Genealogists, ƙungiyar masana da ba ta wuce mutum 50 a lokaci guda, kuma zaɓar mutum ake yi bisa ingancin abin da ya wallafa. Su ne masu FASG. Daga cikin 'yan wannan ƙungiya aka samu waɗanda suka jagoranci kafa Board for Certification of Genealogists a 1964, wato BCG, mai ba da CG. A wannan shekarar dai cocin Mormon da ke Salt Lake City ya fara nasa tsarin jarraba masu bincike, wanda a 2000 aka miƙa shi ga wata hukuma mai cin gashin kanta, ICAPGen, mai ba da AG. Tunda babu dokar majalisa da ta tsaya musu, makamin da ya rage wa hukumomin biyu don hana sojan gona shi ne dokar alamomin kasuwanci.

Alama iri-iri ce

Dokar da ke tafiyar da wannan fanni a Amurka ita ce Lanham Act ta 1946. Ta bambanta alamomi, kuma bambancin yana da amfani a nan.

Alamar kasuwanci ta yau da kullum tana nuna wanda ya yi kaya. Alamar hidima tana nuna wanda ke gudanar da wani aiki, kamar banki ko kamfanin sufuri. Akwai alamar 'yan ƙungiya, wadda ke nuna cewa mutum mamba ne, kamar kalmar Realtor da dillalan gidaje 'yan ƙungiyar ƙasa suke amfani da ita. Sai alamar tantancewa, wadda ta fi shafar batunmu. Mai ita ba ya sa ta a kan kayansa ko aikinsa. Yana ba wasu izinin sa ta ne bayan ya auna su ya ga sun cika sharaɗi. Tambarin halal a jikin kayan abinci ko tambarin ingancin kaya na hukumar SON ta Najeriya sun yi kama da wannan: wanda ya buga tambarin daban, wanda ya yi kayan daban.

Kalmomin Certified Genealogist da haruffan CG alamar tantancewa ce mai rajista ta BCG. Accredited Genealogist da AG kuma na ICAPGen ne. BCG na da wasu laƙabai na ƙari, CGL ga masu koyarwa da gabatar da lacca, da CGG da ta fito da shi a 'yan shekarun nan ga masu aiki da gwajin ƙwayar halitta ta DNA.

Ƙananan alamomin da ke gefe ma suna da ma'ana. Harafin R cikin da'ira ba ya halatta sai rajista ta tabbata. TM da SM kuwa kowa na iya sa su, iƙirari ne kawai cewa mutum na ɗaukar kalmar a matsayin alamarsa. Shi ya sa a tsofaffin mujallun sana'ar za a ga CG da SM a gefensa, a sababbi kuma a ga R. Matsayin alama yana sauyawa, don haka mai buga takarda ya ɗauko bayanin da hukumar ke amfani da shi a yanzu, kada ya kwafo daga tsohon kati.

Abin da haruffan ke shaidawa

Hanyoyin biyu sun sha bamban. BCG ba ta zaunar da mutum a ɗakin jarrabawa. Kundin aiki take nema: kwafe tsohuwar takarda da nazarinta tare da tsara binciken da zai biyo baya, rahoton da aka rubuta wa wani, nazarin wata matsala mai sarƙaƙiya inda hujjoji suka ci karo ko babu hujja kai tsaye, da labarin zuriya da ke tabbatar da alaƙar iyaye da 'ya'ya hawa-hawa. Alƙalai aƙalla uku ne ke duba kundin, kowa shi kaɗai. Ma'auninsu shi ne ƙa'idar hujja ta sana'ar mai rassa biyar: a yi bincike mai faɗi gwargwadon hankali, a faɗi inda aka samo kowane bayani, a auna hujjoji a gwama su, a warware saɓanin da ke tsakaninsu, sannan a rubuta sakamako da dalilansa.

ICAPGen ta bi ta yanki ne. Mai nema zai zaɓi wani yanki na Amurka ko wata ƙasa, ya gabatar da binciken zuriya hawa huɗu daga can, ya rubuta jarrabawa mai ƙayyadadden lokaci, ya kuma amsa tambayoyin baka. Idan takardun ƙasar ba da Turanci suke ba, sai ya nuna yana iya karanta su. Saboda haka AG a kan Denmark ba ta ce komai game da iya binciken Meziko ba, kuma mai gaskiya zai faɗi yankinsa.

Duka biyun na shekara 5 ne, sai a sabunta da nuna sabon aiki. Nan ne suka rabu da digiri. Wanda ya yi digirin tarihi a 1990 yana nan da abinsa ko bai sake buɗe littafi ba. Wanda CG ɗinsa ta ƙare bai sabunta ba, ranar da ta ƙare haruffan suka fita daga hannunsa.

Me ya sa ake tsaurarawa haka?

Bahaushe ya san abin da ke faruwa ga sunan kaya idan ya yi farin jini. Duk man goge baki ya zama makilin, duk garin sabulu omo, duk dunƙulen miya magi. A hirar kasuwa babu laifi. A gaban alƙalin Amurka kuwa, idan aka tabbatar jama'a sun ɗauki kalma a matsayin sunan jinsin abin baki ɗaya, mai alamar ya yi asararta. Haka kamfanin Bayer ya rasa kalmar asfirin a Amurka a 1921, ko da yake har yanzu tasa ce a Jamus. Haka kamfanin Otis ya rasa kalmar escalator, sunan matakalar lantarki, a 1950, kuma cikin hujjojin da aka kafa masa har da yadda shi kansa ya riƙa rubuta kalmar a tallace-tallacensa kamar suna gama-gari. Thermos, sunan fulas ɗin ajiye ruwan zafi, ta bi sahu a 1963.

Haɗarin ya fi yawa ga laƙabin masu nasaba, domin kalmomin tun asali na bayani ne. A Turanci, Certified Genealogist ba ya nufin komai illa mai binciken nasaba da aka tantance. Dokar Amurka ba ta cika yarda a yi wa irin wannan rajista ba sai an nuna cewa tsawon amfani ya sa jama'a na danganta kalmar da wuri guda. Alamar da aka samu ta wannan hanya tana tsaye ne a kan yadda mutane ke fahimtarta, kuma fahimtar mutane tana bin yadda ake rubutawa kullum.

Ga wani nauyin kuma da ya keɓanta da alamar tantancewa. Doka ta ba da damar soke rajistarta a kowane lokaci, komai daɗewarta, idan mai ita ba ya kula da yadda ake amfani da ita ko ba shi da ikon kulawa, idan shi da kansa ya shiga sayar da hidimar da yake tantancewa, idan ya bari ana sa alamar don wata manufa da ba shaida ba, ko kuma idan ya nuna son kai ya hana wanda ya cika sharaɗi. Sharaɗin farko shi ke bayyana wasiƙun gyara da hukumomin ke aika wa masu shirya taro da editoci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk kuskuren da aka gani aka yi shiru, hujja ce ga wanda zai nemi a soke rajistar wata rana. Sharaɗi na biyu kuma shi ya sa BCG ba ta karɓar aikin bincike daga jama'a, sai dai ta nuna jerin waɗanda ta tantance.

Yadda ake rubutawa, da wuraren tuntuɓe

Hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci ita ce haruffan su biyo suna: Wance, CG, ko Wane, AG. Da manyan baƙaƙe ake rubuta su. Idan an rubuta cikakkun kalmomin, kowace na farawa da babban baƙi, domin ƙaramin baƙi na mai da su bayani na gama-gari.

Ƙa'idar da ta fi wahalar bi ita ce ta nahawu. Lauyoyin alama suna son a ɗauki alama a matsayin sifa da ke bayyana wani suna, kada ta zama sunan da kanta. Don haka ba a so a ce Wance Certified Genealogist ce. Ana so a ce tana riƙe da shaidar Certified Genealogist, ko a ce hukumar ta tantance ta. ICAPGen ma a rubuce-rubucenta takan ƙara kalmar da ke nufin ƙwararre bayan AG maimakon ta bar haruffan su kaɗai. Daga wannan ne sauran suka fito: ba a jam'inta alamar, ba a liƙa mata mallaka, ba a mai da ita aikatau. Mai rubuta rahoton taro da ya ce CG-CG uku ne suka yi jawabi ya mai da alamar sunan wani rukunin mutane. Gyaran shi ne ya ce masu riƙe da CG uku.

Harafin R ba sai an maimaita shi a kowane layi ba. Al'adar masu alama ita ce a sa shi inda alamar ta fara bayyana ko inda ta fi fitowa fili, sannan a ƙasan shafi ko ƙarshen rahoto a rubuta gajeren bayani: alamar ta wace hukuma ce, kuma da izininta ake amfani da ita bayan tantancewa.

Kuskuren da ya fi cutar da mai biyan kuɗi shi ne na kamfani. Mutum ake tantancewa, ba ofis ba. A ɗauki kamfani mai ma'aikata 12, guda ɗaya ne mai CG, amma an manna alamar a saman shafin farko kusa da tambarin kamfanin. Mai karatu zai zaci duk aikin da ya fito daga wurin ya bi ta hannun wanda aka tantance, alhali mai yiwuwa ɗalibi ne ya yi shi. Wurin alamar shi ne gefen sunan mai ita. Saboda wannan dalili ne masu alamomin tantancewa galibi ba sa yarda a saka alamar cikin sunan kamfani ko adireshin intanet: idan shaidar ta ƙare ko aka sayar da kamfanin, sunan zai ci gaba da faɗin abin da ya daina zama gaskiya.

Wanda ya miƙa takardar nema bai zama komai ba tukuna, don haka ba shi da hurumin rubuta CG da wata kalma a gefe mai nuna yana kan hanya. Wanda ya bar tasa ta ƙare kuwa aikin goge-goge ne a gabansa: kati, sa hannun imel, shafin sada zumunta, tarihin da ya ba masu shirya taro shekaru uku da suka wuce. Tsohuwar maƙalar da aka buga lokacin yana da shaidar ba ta da matsala, tarihi ce. Faɗin cewa ya riƙe ta daga shekara kaza zuwa kaza ma gaskiya ce. BCG na da matsayin girmamawa da take ba wasu da suka daɗe suka yi ritaya, amma ita ke bayarwa, mutum ba ya naɗa kansa.

Satifiket da katin ƙungiya

Ruɗani mafi yawa ba daga 'yan damfara yake zuwa ba. Daga kamannin kalmomi ne. Jami'ar Boston, alal misali, tana da kwas na binciken nasaba da ake ba da satifiket a ƙarshensa. A Turanci kalmar satifiket da kalmar tantancewa tushensu ɗaya, sai wanda ya gama kwas ya ɗauka ya zama abin da alamar ke faɗa. Satifiket shaida ce ta kammala karatu, kuma daidai ne mutum ya ce yana da satifiket daga jami'a kaza. Abin da ba nasa ba shi ne laƙabin da ke da mai shi.

Haka ƙungiyar Association of Professional Genealogists da aka kafa a 1979. Mamba yana biyan kuɗin shekara, ya amince da ƙa'idojin ɗa'a, amma ba a jarraba shi kafin ya shiga. Kasancewa a cikinta na da amfani, tunda akwai inda za a kai ƙorafi, sai dai ba shaidar ƙwarewa ba ce. A Birtaniya tsarin ya ɗan bambanta: ƙungiyar AGRA da aka kafa a 1968 tana duba aikin mutum kafin ta karɓe shi, akwai kuma rajistar masu amfani da QG, wato Qualified Genealogist, wadda ta dogara da takardun karatu mai zurfi daga wurare irin su jami'o'in Strathclyde da Dundee.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan tsaurin suna cewa mai neman aiki ba shi da hanyar auna ingancin rahoton nasaba da kansa. Zai iya karɓar shafi 40 masu kyan gani da aka gina a kan kuskure guda, kamar haɗa mutum biyu masu suna ɗaya a gari ɗaya, ba zai gane ba sai lauyan ɗaya ɓangaren ya tona a kotu. Haruffan su ne abu guda da zai iya bincikawa cikin minti biyar, kuma darajarsu na ƙarewa da zarar kowa ya iya sa su.

Masu suka suna da hujjoji uku masu nauyi. Ta farko, kalmomin na kowa ne, kuma bai kamata hukuma mai zaman kanta ta killace hanyar da ta fi sauƙi ta cewa an tantance mutum ba. Amsar da ake ba su ita ce doka ba ta hana wata hukuma kafa nata tsarin da nata suna ba, kuma ba ta hana faɗin gaskiya game da karatun da mutum ya yi. Ta biyu, akwai ƙwararru da yawa da ba su taɓa nema ba, saboda kuɗi, ko lokaci, ko don aikinsu ya riga ya yi musu shaida, kuma yawan nanata haruffa na sa a raina su. Wannan hukumomin kansu ba su musanta ba. Ta uku, ma'aunin ya girma ne a cikin takardun Amurka da Turai: rajistar coci, takardun fili, wasiyyoyi, ƙidayar jama'a. Wanda ya ƙware a salsalar da ake riƙewa da ka, kamar yadda maroƙa da dattawan unguwa ke riƙe asalin gidaje a ƙasar Hausa, yana da ilimin da kundin jarrabawar bai cika aunawa ba.

Batun ya ƙara zafi tun Afrilun 2018, lokacin da aka kama Joseph James DeAngelo, wanda aka daɗe ana nema kan kashe-kashe da fyaɗe, a Kalifoniya bayan an bi dangantakar DNA ta shafin GEDmatch, inda mutane ke ɗora sakamakon gwajinsu don neman dangi. Daga nan 'yan sanda suka fara neman masu binciken nasaba da yawa, kuma kuskure a wannan aiki na iya sa a zargi marar laifi. Jihar Maryland ta yi doka a 2021 don tsara wannan fanni. Masu ganin alamar kasuwanci ta isa da masu ganin sai gwamnati ta shigo da lasisi har yanzu ba su daidaita ba.

Abin da ya shafi mai biyan kuɗi

Hukumomin biyu suna da jerin sunayen waɗanda shaidarsu ke aiki a shafukansu na intanet. A nemi sunan a can, kada a tsaya kan hoton takarda da aka turo ta waya. Idan AG ce, a tambayi yankin. Idan kamfani ne, a tambayi wa zai yi binciken, wa zai sa hannu a rahoton, a kuma rubuta hakan a yarjejeniya. Idan an ga wasu haruffa da ba a sani ba, tambayoyi uku sun wadatar: wa ya ba da su, me aka jarraba, yaushe suke ƙarewa.

Haruffan ba su lamunce sakamako ba. Idan gobara ta cinye takardun kotun gunduma, mai CG ma ba zai fito da su ba. Abin da suke ƙarawa shi ne wurin kai kuka: hukumar na karɓar ƙorafi a kan wanda ta tantance, tana iya ladabtar da shi har ta ƙwace shaidar. Wanda ya sa haruffan ba izini kuwa, yawanci wasiƙar gargaɗi ce ke fara isa gare shi, in ya ƙi a iya maka shi kotu kan keta alama ko tallan yaudara.

A kotunan tarayyar Amurka, ƙa'ida ta 702 ta dokar shaida ta yarda a karɓi mutum a matsayin masani bisa ilimi, gwaninta, gogewa, horo ko karatu. Ke nan alƙali na iya sauraron wanda ba shi da CG ko AG a shari'ar gado. Amma wanda ya rubuta su a takardar rantsuwa alhali sun ƙare ya ba lauyan abokin shari'a abin da zai rushe duk shaidarsa da shi.

Rajistar alama kuma iyakarta ƙasar da aka yi ta. Ta Amurka ba ta aiki kai tsaye a Najeriya, wadda ke da nata ofishin rajista, ko a Nijar, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar OAPI mai yi wa wasu ƙasashen Afirka rajistar alamomi, mai hedikwata a Yawunde. Wanda ya buga CG a katinsa a Kano ko Maradi ba tare da an tantance shi ba, zai yi wuya hukumar ta cim masa ta wannan rajista, sai dai idan yana tallata aikinsa ga mutanen Amurka. Wanda ya biya shi kuɗi bisa wannan iƙirari kuwa, dokar zamba ta ƙasarsa ce zai nufa.